Hukuncin Haɗa Waƙa da Kiɗa da Manhajojin Ƙirƙirarriyar Basira

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sana'ata haɗa sauti ce a situdiyo, kuma yanzu an samu manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Suno da Udio, waɗanda mutum zai rubuta musu irin waƙar da yake so, nan take su fitar masa da ita, ga murya ga kiɗa. Wani abokin aikina ya ce tunda babu wanda ya buga ganga ko ya kaɗa tsirkiya, wannan sautin bai shiga cikin kiɗan da malamai suka hana ba. Shin haka ne? Kuma mene ne hukuncin kuɗin da nake samu da wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗan'uwa, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Waɗannan manhajoji an horar da su ne da tarin waƙoƙi da kaɗe-kaɗen da mutane suka riga suka naɗa, har suka koyi yadda sautin sarewa da jita da ganga da muryar ɗan Adam suke bin juna, ta yadda idan ka ba su umarni a rubuce sai su harhaɗa maka sabon sauti a kan abin da suka koya. Ke nan manhajar kayan aiki ce wadda ba ta da niyya kuma ba a yi mata hisabi, don haka hukuncinta yana bin abin da aka fitar ta hanyarta da manufar wanda ya fitar. Asalin amfani da ita halal ne.

Shi kuwa kiɗa, jumhurun malamai, ciki har da abin da ya shahara a mazhabobi huɗu, sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa. Hujjarsu ita ce hadisin da Bukhari ya kawo cewa za a samu wasu mutane daga wannan al'umma da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi wa aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda ya ce waƙa ake nufi da zancen shagala. Sun keɓe duffu, wato bandiri, a lokacin aure da Idi, saboda hadisin Nana A'isha game da 'yan mata biyun da suke waƙa a ɗakinta a ranakun Idi, Abubakar ya tsawata musu, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. Ibnu Hazm ya saɓa, ya halatta kayan kiɗa, ya raunana hadisin Bukharin, amma Ibnus Salah da Ibnu Hajar sun mayar masa da martani, sun tabbatar da cewa isnadin, wato jerin masu ruwayar hadisin, a haɗe yake. Abin da nake rinjayarwa shi ne maganar jumhuru, ko da yake na san saɓanin tsoho ne, kuma ba na yi wa wanda ya bi ɗaya ra'ayin bisa ilimi kallon wanda ya halatta giya.

Maganar abokin aikinka ba ta da madogara a kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan biyu. Malaman da suka haramta kayan kiɗa ba katako da fata da tsirkiya suka haramta ba, domin babu wanda ya ce zunubi ne ka taɓa ganga tana ajiye. Abin da suka duba shi ne sautin da ke fitowa da abin da yake yi wa zuciya na shagala da motsa sha'awa, kuma wannan sautin shi ne dai yake shiga kunnen mai sauraro, ko daga yatsun makaɗi ya fito ko daga lissafin kwamfuta. Lokacin da rediyo da kaset suka zo, masu haramtawa ba su ce kiɗan ya halatta saboda makaɗin ba ya cikin ɗakin ba. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ana lura da ma'ana da haƙiƙar abu, ba da sunan da aka laƙaba masa ba, kuma Annabi (SAW) ya ba da labarin mutanen da za su sha giya suna kiranta da wani suna daban.

Wani zai iya cewa ai majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta yanke a shekarar 1406 bayan hijira cewa kiran sallar da aka naɗa a kaset ba ya wadatarwa, to me ya sa kiɗan na'ura zai zama kiɗa alhali kiran sallar na'ura bai zama kiran salla ba? Bambancin a fili yake. Kiran salla ibada ce da ake neman mutum ya yi ta da niyya idan lokaci ya shiga, na'ura kuwa ba ta niyya, amma shi kiɗa ba ya jiran niyyar makaɗi kafin ya yi tasirinsa. Haka nan idan aka ɗauki muryar mutum aka sarrafa ta har mai sauraro ya kasa bambanta ta da piyano, malaman zamani sun yi saɓani, kuma abin da ya fi kusa da dalili a wurina shi ne ta ɗauki hukuncin abin da ta koma.

Duk da haka, ƙofar halal a sana'arka tana da faɗi. Tace hayaniya daga karatu ko wa'azi, daidaita muryar mai waƙen da babu kiɗa a cikinsa, haɗa amshi da muryoyin mutane, samar da sautin ruwa ko iska ko tsuntsaye, da cire kiɗa daga bidiyon ilimi a bar magana zalla, duk waɗannan babu laifi a cikinsu, wasu ma aikin lada ne. Sai dai ka kula, domin kana iya rubuta wa manhajar cewa murya kawai kake so, ta fitar maka da murya amma ta shimfiɗa wani siririn kiɗa a ƙarƙashinta wanda ba za ka ji shi sosai ba sai ka sa abin sauraro a kunne ka ƙara sauti. Kada ka miƙa aiki sai ka saurare shi daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da tambayar da ka yi, wato kwaikwayon muryar mutane. Ɗaukar muryar wani mawaƙi ko malami ko makaranci a sa ta faɗi abin da mai ita bai faɗa ba, ba da izininsa ba, haramun ne ko da babu ɗigon kiɗa a ciki, domin ya haɗa ƙarya da cin mutunci da cin haƙƙi, kuma mutuwar mai muryar ba ta sauke masa alfarmarsa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mallakar fasaha da wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare. A watan Yunin 2024 kamfanonin waƙoƙi na Universal da Sony da Warner sun shigar da ƙarar Suno da Udio a Amurka bisa zargin horar da manhajojinsu da waƙoƙinsu ba da izini ba. Ba a ɗora maka binciken abin da kamfani ya yi a ɓoye ba, amma an ɗora maka abin da hannunka ya rubuta, saboda haka kada ka umarci manhaja ta kwaikwayi wani mutum sananne. Ka kuma cika sharuɗɗan da ka amince da su, domin Suno, alal misali, ba ta ba wa mai amfani da ita kyauta damar sayar da abin da ya haɗa, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Baitocin da na'ura ta rubuta kai za a tambaya a kansu idan ka yaɗa su. Tana iya cusa batsa, tana iya wuce gona da iri a yabon Annabi (SAW), tana iya jingina masa maganar da bai faɗa ba, don haka ka bi su baiti bayan baiti. Ɗora ayoyin Alƙur'ani a kan kiɗa kuwa wulaƙanta Littafin Allah ne, kuma ba a shiga wannan ko da wasa.

Kuɗinka yana bin aikinka. Ladan aikin halal halal ne, ladan haɗa kiɗa kuma yana bin hukuncin kiɗan, domin idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. Idan kuma mai aiki ya biya ka a kan cewa kai ka rera ko ka tsara da kanka, to wajibi ne ka sanar da shi cewa da manhaja ka yi, saboda Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya.

Wallahu a'alam.