Fanfon tsarki ya daina ba da ruwa da ƙarfi, mi za mu yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce daga Mabera. Bara maigida ya sa muna fanfon tsarkin nan mai tiyo a bayi, da farko ruwa shina fita da ƙarfi har sai ka rage, amma yanzu wallahi sai ɗis-ɗis, mun koma ga buta. Ruwan borehol gare mu, tanki na bisa ƙarfe bayan gida. Mai gyara ya ce sai mun sayi busta, wato injin ƙara ƙarfin ruwa, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Dan Allah mi za mu yi?

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. Kar ku sayi busta tukuna. Tunda da farko yana ba da ruwa lafiya kuma tankin nan bai matsa daga inda yake ba, to ni dai toshewa nake zargi, ba tsawon tanki ba.

Ki fara da gwajin bokiti, ko minti biyar ba zai ci ba. Ki rufe ɗan makunnin da ke jikin bango, ki kwance kan fanfon daga tiyo da hannu, ki saka bakin tiyon cikin bokiti sai ki buɗe. In ruwa ya zo da ƙarfi to kan ne ya toshe, kuma yawanci haka ne, don ruwan borehol ɗinmu na Sakkwato yana zuwa da yashi da wani farin abu irin wanda kike gani a gindin kettle, shi ke liƙe ƴan ƙofofin nan a hankali har su rufe. Ki jiƙa kan a binega ko ruwan lemun tsami ya kwana, da safe ki goge da tsohon burushi, ki tsokale ƙofofin da tsinken sakace. Wasu suna da ƴar raga a mahaɗa, ki ciro ta ki wanke, ki kula da baƙar robar da ke wurin kar ta ɓace, in babu ita zai riƙa yoyo.

In kuwa a bokitin ma ruwan ba ƙarfi, ki duba ko tiyon ya lanƙwashe daga ciki, zafin garin nan yana lalata roba sosai, sabo kuma ba shi da tsada. Ko makunnin bangon ya cika da yashi, ko iska ta shiga bututu in tanki ya taɓa ƙarewa ƙaf. Nan ne za a kira mai gyara.

Busta tana da amfani ne inda tanki ya yi ƙasa tun asali. Kowane mita 10 na tsawo yana ba da kusan "bar" 1 (ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan), tankin da ya fi fanfo da mita 3 kacal ba zai wuce 0.3 ba, irin wannan gidan tun ranar farko ruwan ba ya da ƙarfi. Naku ba haka yake ba.

Abin da nake roƙonku, a riƙa rufe makunnin bango bayan an gama musamman da dare, don tiyo yakan fashe ruwa ya kwana yana zuba. Kar a bar kan fanfon a ƙasa ko cikin bokiti, a rataye shi, maganar tsarki ce da lafiyar yara. Tankin kuma a wanke shi bayan hunturu, a tabbatar murfinsa na rufe.