Hukuncin Toshe wa Yara Wasu Shafuka a Waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sa Family Link, manhajar kula da wayar yara, a wayoyin 'ya'yana, na toshe wasu shafuka, kuma da ƙarfe goma na dare wayar ke kulle kanta. Ƙaramar, mai shekara 9, ba ta ce uffan ba. Babban, ɗan shekara 16, cewa ya yi na tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki, har da kawo min sashe na 39 na tsarin mulkin Najeriya. Na shiga haƙƙinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toshe batsa da caca wajibi ne a kanka, tunda kana da iko. Allah ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6, mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa kowa makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Yaron naka ya yi karatu, Allah ya ƙara, amma ya haɗa abin da bai haɗu ba. Hukuma ta rufe bakin baligai, kamar yadda aka dakatar da Twitter a Najeriya a 2021, wannan daban. Uba ya zaɓi abin da zai shigo gidansa, wannan wilaya ce, wato ikon kula da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ko a Amurka, da Kotun Ƙoli ta soke wani ɓangare na dokar hana batsa a intanet a 1997, iyaye su tace abin da yaransu ke gani na cikin mafitar da ta ambata.

Inda nake jin tsoro a kanka shi ne leƙe. Ɗan shekara 16 galibi ya balaga, alƙalami ya hau kansa. Ɗaukar wayarsa yana barci kana bin saƙonninsa ba tare da wata alama mai ƙarfi ta ɓarna ba, ya shiga tajassusi, wato leƙen asiri, wanda Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana. Ka zaunar da shi, ka nuna masa abin da ka toshe da dalilinka, ka saurari nasa. Manhajojin nan ba su da fiƙihu: wani lokaci sukan toshe darasin wankan janaba ko na kimiyyar jiki. In ya kawo maka irin wannan, buɗe masa. Kada kuma ka toshe shafi don kawai ba ka son ra'ayin mai shi.

Ita ƙaramar, kulle ya dace da ita sarai. Sai dai ka duba wayar mahaifiyarta, wadda ake miƙa mata don ta yi shiru ana girki, ko ita ma da makulli.

Allah ne mafi sani.