Lauyan ya faɗi shari'a, Tom ya mutu, to ina jarumtar take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ɗaliba ce ina karanta adabin Turanci, an ba mu littafin To Kill a Mockingbird aka ce mu yi rubutu kan wariya da jarumta da rashin laifi a cikinsa. Na karanta har ƙarshe amma wallahi raina ne kawai ya ɓaci, lauyan da ake ta yabo ya faɗi shari'ar, baƙin mutumin da yake karewa kuma an kashe shi, toh ina jarumtar take? Sannan ban ga inda aka kashe wani tsuntsu ba, me ya kawo shi cikin sunan littafin?

Amsa: Wa alaikumus salam malama. Ɓacin ran nan da kika ji shi ne alamar kin karanta da kyau, don Harper Lee ba ta rubuta shi don mutum ya rufe yana murmushi ba.

Sai kin fara sanin inda labarin yake. Littafin ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, amma abin da ke ciki ya faru ne tsakanin 1933 zuwa 1935 a wani ƙirƙirarren gari Maycomb a jihar Alabama, kudancin Amurka, lokacin da tattalin arziki ya karye kowa na fama da talauci, kuma doka da kanta ta raba farare da baƙaƙe, makaranta daban, coci daban, har wurin zama a kotu daban. A 1931 a wannan jihar aka kama samari baƙaƙe tara bisa zargin fyaɗe ga fararen mata biyu, shari'ar da ake kira ta Scottsboro, aka yanke wa takwas hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki, daga baya ɗaya daga cikin matan ta fito ta ce ƙarya ne. Kin ga ke nan ba daga sama marubuciyar ta ciro labarin Tom Robinson, baƙin da aka zarga da yi wa farar yarinya Mayella fyaɗe, ba, ita kanta 'yar Monroeville ce a Alabama ɗin, babanta kuma lauya ne.

Toh da a ce Atticus, lauyan da ke kare Tom, ya ci shari'ar nan, da littafin ya yi ƙarya. Masu yanke hukuncin mutum 12 ne, duk maza, duk farare. Ki tuna abin da ya nuna musu ƙiri-ƙiri: raunin Mayella a gefen dama na fuskarta yake, wato bahago ne ya dake ta, ya miƙa wa ubanta Bob Ewell alƙalami ya ce rubuta sunanka, mutumin ya rubuta da hagu a gaban kowa, shi kuwa Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro injin gurzar auduga ya kama shi, ko Baibul da zai ɗora hannun ya yi rantsuwa sai zamewa yake. Ba a ma kira likita ya duba yarinyar ba. Duk da haka suka ce ya aikata. Abin da za ki rubuta kan wariya ke nan, an riga an gama yanke hukunci kafin a buɗe ƙofar kotu, hujja ta zo ta tarar babu wurin zama.

Kuma Atticus ya san haka tun ranar da alƙali ya ɗora masa aikin, ya faɗa wa 'yarsa Scout cewa ba za su ci ba. Amsar tambayarki ta farko tana wani babi da ɗalibai ke tsallakewa saboda kamar bai da alaƙa da shari'ar, babin tsohuwar nan Mrs Dubose mai baƙin baki, wadda ke zama a baranda tana zagin yaran da ubansu. Jem, yayan Scout, ya fusata ya kakkarya mata furanni, hukuncinsa shi ne ya riƙa zuwa yana mata karatu kullum har sama da wata guda. Akwai agogo mai ƙararrawa a gefen gadonta, kullum sai ya ƙara jinkirin bugawa, yaran ba su gane ba, su dai sun ga tsohuwa tana dalalar da yawu tana karkarwa. Sai da ta mutu Atticus ya gaya musu ai mofin take sha don ciwo har ya kama ta, ta yi alƙawarin ba za ta bar duniya tana baiwar magani ba, karatun Jem ne ke ɗauke mata hankali tana ƙara tazarar shan. Ya ce ya so Jem ya ga jarumta ta gaske, kar ya ɗauka mai riƙe da bindiga ne jarumi, jarumi shi ne wanda ya san an kayar da shi tun kafin ya fara amma ya fara ɗin kuma ya kai ƙarshe. Ki lura babin da ya gabaci wannan shi ne inda Atticus ya harbe mahaukacin kare da harsashi ɗaya yaran suka cika da alfahari, da gangan aka jera su haka.

Batun tsuntsu kuwa, mockingbird ɗin da ke cikin sunan littafin wani ɗan tsuntsu ne a Amurka mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, ba ya ɓarna a gona, waƙa kawai yake, shi ya sa da aka ba yaran bindigar iska Atticus ya ce zunubi ne kashe shi. Tom ne tsuntsun, haka ma Boo Radley, maƙwabcin da bai fita daga gida wanda yaran suka mayar dodo, alhali shi ke ajiye musu cingam da kwabbai da 'yan tsanan sabulu a kogon bishiya, kuma shi ya cece su daren da Bob Ewell ya tare su da wuƙa. Amma rashin laifin da malaminku ke nufi fuska biyu gare shi, akwai na wanda bai aikata ba, akwai na yaron da bai riga ya koyi mugunta ba. Na biyun shi ne Scout, 'yar shekara shida a farkon labari. Daren da gungun mutane suka zo gidan yari za su ɗauke Tom su kashe, Atticus na zaune a ƙofa da jarida da fitila, yarinyar nan ta kutsa tsakiyarsu ta hango Mr Cunningham ta hau gaishe shi, wai ajinsu ɗaya da ɗansa Walter, ya gaishe mata shi. Ba ta ma san me ake ciki ba. Kunya ta kama mutumin ya ce wa sauran su tafi.

Ni dai in ni ne ke rubutun nan ba zan tsaya kan Atticus kaɗai ba, an yabe shi ya isa, tun ba ma da Gregory Peck ya fito a matsayinsa a fim ɗin 1962 ba. Atticus farar fata ne, ɗan babban gida, ɗan majalisar jiha, abin da ya samu zagi ne da tofin yawu a fuska. Wanda ya sa wuyansa shi ne Tom, da lauyan gwamnati ya tambaye shi me ya sa yake yi wa Mayella aikace-aikace ba ya karɓar ko kwabo, sai ya ce tausayinta yake ji. Gaskiya ya faɗa, amma baƙi ya ce yana tausayin farar mace a Alabama ta 1935, kotun gaba ɗaya ta ji wani iri, kusan nan shari'ar ta ƙare. Kuma nan ne nake ganin gazawar littafin, kamanta babban mutum mai mata da 'ya'ya uku da ɗan tsuntsu mai waƙa akwai ɗan raini a ciki ko da da kyakkyawar niyya aka yi, ba mu taɓa shiga zuciyarsa ba, ba mu ji me ya saƙa a gidan yari har ya yanke ƙauna da ɗaukaka ƙara ya ruga wajen katanga ba. Labarin mutuwarsa ma a kicin muka ji shi, ana tsaka da shan shayin matan mishan masu kukan tausayin wata ƙabila a Afirka alhali suna raina masu aikinsu. Atticus ya shigo ya ce harsashi 17 aka samu a jikinsa, ya ɗauki Calpurnia, baƙar mai aikin gidansa, su je su gaya wa matarsa Helen, matan kuma suka ci gaba da zagaya faranti.