Tambaya da Amsa: Ganyen tattasaina na nannaɗewa

Tambaya: Malam barka da aiki, ni manomin rani ne daga Kura. Tattasaina ganyen sai nannaɗewa yake, in na juya bayansa sai in ga darɓa da farin ƙuda, ga wasu jajaye mitsi-mitsi masu saƙa kamar gizo-gizo. Na yi feshi sau biyu da maganin kashe-duka amma kamar ƙara su nake. Ya zan yi?

Amsa: Alhaji sannu da ƙoƙari. Jajayen nan ba ƙwaro ba ne irin sauran, dangin gizo-gizo ne, shi ya sa yawancin magungunan ƙwari masu sinadarin lamda ba sa musu komai, sai ma su kashe ƙwarin da ke cinye su, su kuma su samu sarari su hayayyafa musamman in zafi ya shigo. Nemi mai sinadarin abamektin, daimetowet ma yana taɓa su har da darɓar, amma dafinsa da ƙarfi, kar ka zarce awon da ke jikin kwalba wai don ya fi ci.

Ka yi feshin da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, ka ɗaga bakin famfo ya jiƙa ƙasan ganye, can suke ɓuya. Sa safar hannu da takunkumi don Allah. Kuma duba kwanakin jira kafin tsinka, kar ka fesa yau gobe ka kai kasuwar Yankaba.

Tattasan da ya riga ya ƙanƙance kam cuta ce ta shige shi, magani ba zai miƙar da shi ba, tuge shi kawai.