Ciwon Kai da Hawan Jini: Amsoshin Likita

Tambaya daga Zariya: Likita, Baba ya tashi da ciwon kai, muka auna jininsa a kemis ya kai 190/110. A asibiti farasitamol kawai aka ba shi, aka ce ya ɗan kwanta. Anya ba sakaci ba ne?

Allah ya ba Baba lafiya. Ba sakaci ba ne. Sau da yawa ciwon ne da fargaba ke ɗaga jinin, ba jinin ne ya kawo ciwon ba. Ku bar mutum ya huta rabin awa a ɗaki shiru, ciwon ya lafa, a sake aunawa, sai ka ga ya sauko da kansa. Abin da muke dubawa kafin mu ɗauko allura shi ne ko jinin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, zuciya, ƙoda ko ido: baki ya karkace, harshe ya sarƙe, hannu ya ƙi ɗaguwa, gani ya yi dishi-dishi, ƙirji na ciwo, numfashi sama-sama. In akwai ɗaya daga ciki, wannan gaggawa ce, sai gado da allura ta jijiya, irin su labetalol. Ko a nan ma, ba ma rage fiye da kashi 25 cikin ɗari a awar farko. Ƙwaƙwalwar da ta shekara da sabawa da jini a sama, in aka fizgo shi ƙasa lokaci guda, ita ce za ta rasa jini, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya.

Daga Maraɗi: An ce in kai ya sara, in fasa ƙwayar nifedipine, maganin hawan jini, in sa ƙarƙashin harshe.

Kul. An daina wannan tuntuni, saboda dalilin da na faɗa yanzu. Ka kuma guji diclofenac da ibuprofen, su kansu suna ƙara jini.

Wata baiwar Allah daga Gusau: Cikina wata bakwai, kaina na ciwo, ƙafafuna sun kumbura, ina ganin walƙiya-walƙiya. In sha zoɓo?

Hajiya, ajiye zoɓon, a kai ki asibiti yau, ko da dare ne. Mai ciki hukuncinta daban: 160/110 ya isa a yi mata maganin gaggawa, domin jijjiga na iya biyo baya. Za a duba fitsarinki, a saukar da jinin, in ya kama a yi miki allurar magnesium sulphate mai hana jijjiga. Ki tafi da katin awonki.