Fayilolin da ke fitowa da ɗigo bayan an sa filashi a Mac: a goge su ko a bar su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tura karatun Alƙur'ani da wa'azi a katin memori na waya a Agege. Wani ɗan'uwa ya kwafo mini karatu daga MacBook ɗinsa, da na sa filashin a kwamfutata mai Windows sai na ga kowace sura ta zama biyu, ɗaya sunanta ya fara da ._ kuma ba ta buɗuwa. Wani a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja a Legas, ya ce bairos ne, in yi fomat. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yi fomat, ba bairos ba ne. Mac na ajiye ƙarin bayani a kan kowane fayil, kamar launin alamar da aka sa masa da inda aka sauko da shi. Filashi kuwa yawanci tsarin ajiyarsa FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su da gurbin wannan bayani, sai Mac ya zuba shi a wani ɗan fayil daban mai suna iri ɗaya da ._ a gaba. Sunan tsarin AppleDouble. Duba girmansa, galibi 4KB ne, alhali surar kanta megabayit da yawa ce. Shi ne kuma dalilin da rediyon mota ke tsallake wasu ko ya nuna kuskure: yana ganin mp3 a ƙarshen suna, ya ɗauka sauti ne.

Ga sauti da hoto da bidiyo da PDF, goge su ba ya taɓa ainihin fayil ɗin. Haka .DS_Store, tsarin yadda folda ke bayyana a Mac kawai yake riƙewa, haka __MACOSX da ke fitowa daga cikin zip. Shi ma Windows, musamman tsohonsa, yakan bar nasa, Thumbs.db, ma'ajiyar ƙananan hotuna.

Ga yadda za ka yi. Fara kwafe filashin gaba ɗaya zuwa kwamfuta, wannan ba na yarda a tsallake shi. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, rubuta harafin filashin, misali E: ka danna Enter, ka tabbata layin ya koma E. Sannan rubuta dir /s /a ._* domin ka ga jerin da idonka. Idan duk ƙanana ne, sai ka rubuta del /s /a ._* ka gama. Ka kula sosai da harafin nan, domin abin da del ya goge ba ya zuwa kwandon shara. Wanda ke kan Mac kuma ya yi amfani da umarnin dot_clean a Terminal, tagar rubuta umarni ta Mac, kafin ya zare filashin.

Inda nake jin tsoro shi ne mutum ya ɗauka duk mai ɗigo shara ne. A katin Android, .nomedia shi ke hana hotunan wata folda fitowa a galari. Ka goge shi, abin da kwastoma ya ɓoye ya fito fili. Foldar .git tarihin aikin mai rubuta manhaja ce kacokan. System Volume Information ta Windows ce, bar ta. Tsofaffin font (fayilolin salon rubutu) na Mac ma, wasu ainihin abinsu a cikin ._ ɗin yake.

Sai .Trashes. Abin da ɗan'uwanka ya goge yana kan Mac, in bai zubar da kwandon ba, yana nan ciki yana cin wuri. Leƙa tukuna kafin ka share.

Tambaya: To ta yaya zan gane bairos na gaske?

Amsa: Wanda ya fi yawo a shagunan kwafi shi ne mai ɓoye foldarka ya bar gajeriyar hanya (shortcut) mai sunanta, da 'yar kibiya a jikin alamar, ko ka ga fayil mai ƙarewa da .vbs ko .exe da ba kai ka sa ba. Kada ka danna ko ɗaya, bincika filashin da Windows Security tukuna.