Me Kripke ya ce game da sunaye?

Tambaya: Malam, a darasin falsafar harshe an ce mana Saul Kripke ya rushe ra'ayin Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, kan sunaye. Wane ne shi, kuma me ya rushe?

Amsa: Kalmar "rushewa" ta ɗan yi nauyi, amma lallai ya girgiza ginin. Kripke Ba'amurke ne, an haife shi a 1940, ya tashi a Omaha inda mahaifinsa ke limancin Yahudawa. Bai cika shekara 20 ba ya fitar da bincikensa kan manɗiƙi a 1959. Digirin lissafi ya yi a Harvard, ya gama a 1962, kuma har ya rasu a 2022 bai zauna ya yi digirin dakta ba, duk da ya taɓa zama farfesa a Jami'ar Princeton.

A wurin Russell, suna taƙaitaccen bayani ne. In ka ce "Aristotal", wato masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, kamar ka ce "malamin Iskandar Mai Girma" ne. A watan Janairun 1970 Kripke ya yi lacca uku a Princeton, ba ko takarda a gabansa, waɗanda suka zama littafin Naming and Necessity. Ya ce to, da Aristotal bai taɓa koyar da kowa ba, da noma ya kama, ai shi ne dai Aristotal. Bayanin zai iya barin mutum ya koma kan wani, sunan kuwa yana manne da mai shi ko yaya rayuwarsa ta kasance.

To me ke ɗaure suna da mai shi? Ɗauki ranar suna. Da sassafe liman ya raɗa wa jariri Musa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, aka raba goro. Waɗanda suka halarta suka gaya wa waɗanda ba su zo ba, sunan ya yi ta tafiya daga baki zuwa baki. Bayan shekara 60 wani da bai taɓa ganinsa ba zai ce "Musa", wataƙila ma ya ɗauka tela ne alhali mahauci ne, amma shi ɗin dai yake nufi, domin sarƙar ba ta tsinke ba. Wannan shi ne hoton da Kripke ya zana.

Inda nake ganin da sauran aiki shi ne sunan da ya sauya mai shi a hanya. Masanin falsafa Gareth Evans ya kawo misalin Madagaskar, wanda asalinsa sunan wani yanki ne a gaɓar Afirka, kafin matafiyin nan Marco Polo ya ɗora shi bisa kuskure a kan tsibirin.